Markaɗen Malam Ndaliman

Theresa na tsaka da tura jiƙaƙƙen wake cikin bakin inji sai ta hango shuɗin bokitin nan mai murfin faranti a ƙarshen layi. Bokitin ta san shi kamar nata, amma hannun da ke riƙe da shi ba na mai kawo shi ba ne. Karima ce da kanta, matar maƙwabcinsu Malam Ndaliman, ta yafa mayafi tana tsaye a bayan mata shida. Theresa ta gama markaɗen da ke gabanta ta kashe inji, abin da ba ta yi sai in mai ya ƙare ko bel ya tsinke.

"Maman Nma, lafiya? Ina Malam?"

Karima ta ce jikin ne ya matsa. Ƙafafun sun ƙara kumbura, tun Laraba bai leƙa makaranta ba, a asibiti kuma an ba shi magani an ce ya koma gida ya huta. Tana faɗin "ya huta" ɗin tana kallon ƙasa. Ta ce shi ya nace sai an kawo markaɗen, har ya ce kada ta yarda a shigar da ita gaban kowa, ta bi layi yadda yake bi.

Wannan sharaɗi ya ƙara ɗaure wa Theresa kai, ita da dama take da tsohon lissafi game da Malam da bokitinsa. Shekara uku ke nan duk safiyar Asabar sai ya zo rumfarta da ke lungunsu a Sauka Kahuta: dattijo Banufe, malamin aji uku a firamaren unguwa, da hularsa da tabaraunsa, ya zauna a benci tsakiyar mata da bokiti a gindin ƙafa. Mazan unguwa sun gama yanke hukunci cewa mijin-ta-ce ne. Kambai, mijin Theresa, ya ce a'a, mutumin dai son alale ne ya yi masa yawa. Theresa ba ta gamsu da ko ɗaya ba. Ita ce ke bakin inji, ta ga abin da ba su gani ba: in layi ya zo kansa sai ya ce wa ta bayansa ta wuce, kuma jaridar da yake buɗewa ba ta taɓa ganin ya juya shafinta ba. Sau da yawa tambayar ta zo mata har baki, kunya ta mayar da ita.

Ta sake jan igiya inji ya ɗauka, hira ta koma inda ta tsaya. A bakin inji ba a magana a hankali, duk mai abin faɗa sai ta ɗaga murya. Liyatu, mai sayar da doya da ke zaune a tsallaken kwari, ita ta karɓe fagen. Ta ce ta ga an jibge bulo a filin makaranta, an ce za a zagaye ta da katanga, ƙofa ɗaya tal ta gaba. Su 'yan tsallake ta gadar katako yaransu ke bi su faɗo bayan azuzuwa. In an toshe nan, sai dai su zagaya ta babban titi inda tifa da tirela ke tsere. Ta rantse da Allah ranar da aka toshe hanyar za ta cire tagwayenta mata daga makaranta, ba ta haife su don ta je ta kwaso su a kan kwalta ba. Sannan ta juyo ta nuna Theresa da baki, ta ce ga wakiliyar mata nan, amma ai su kwamiti ba su san da talaka ba.

Theresa ta yi kamar ƙarar inji ta hana ta ji. Ta ji sarai, kuma abin ya soke ta, domin gaskiya ne.

Lokacin da hukuma ta ce kowace firamare ta kafa kwamitin kula da makaranta, da iyaye da malamai da shugabannin unguwa, an rasa matar da za a saka daga ɓangaren iyaye. Aka ce a sa Theresa, Maman Treasure, tunda babu gidan da bai san ta ba. Tun daga ranar take zuwa taro duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ta matse jikinta a bencin yara, ta ce amin in an yi addu'a, ta dangwala hannu a takarda ta dawo. Ita da ta tsaya a aji huɗu, me za ta faɗa a gaban hedimasta Mista Isaiah, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya haɗa da Turanci?

Kwamitin nasu ba ya ƙuri'a. Hedimasta ne ke karanto abin da ake so a yi, shugaba Alhaji Zikrullahi ya waiga dama da hagu ya ce ko akwai mai magana. In aka yi shiru, an amince ke nan, a rubuta. Kuma da shirun za a yi ta yi har abada in ba don wakilin malamai ba. Malam Ndaliman zai gyara tabarau ya ce yana da 'yar tambaya. Da aka zo gina banɗaki, shi ya tambaya ko dole ne ƙofar na mata ta kalli filin ƙwallo. Da aka ce duk yaron da ya makara a rufe masa ƙofa, ya tambaya ko an san ranar da famfon unguwa ke kawo ruwa, da kuma waɗanda ake turawa layi. Mista Isaiah ya sha tuna masa cewa malamai aka ce ya wakilta, ba kowa da kowa ba. Malam sai ya ce haka ne ranka ya daɗe, amma malami in babu yara a aji wa zai koyar? Theresa takan zauna tana mamakin inda mutumin nan ke samo tambayoyinsa, har takan ji kamar ta taɓa jin su a wani wuri.

Ranar Lahadi da ta taso daga coci ta dama kunun gyaɗa ta shiga duba shi. An fito da shi baranda a kan katifa, an jingina shi da filo biyu. Ya rame ƙwarai, sai ƙafafun da suka yi suntum a ƙarƙashin zane. Ta daure ta yi masa sannu kamar zazzaɓi ne ke damunsa.

Bai bari ta gama gaisuwa ba ya tambaye ta me aka ce jiya a bakin inji. Ya ce ya aiki Karima ta jiyo masa, ta dawo da ƙullu kawai, wai ita ƙara ta cika mata kunne ba ta ji komai ba. Daga kicin Karima ta ce ita markaɗe ta san an aike ta, ba gulma ba. Ta ƙara da cewa shekara uku tana dafa alalen da ba ta yi niyya ba, su uku a gida, har maƙwabta sun fara ɓuya in sun ga ta fito da kwano.

A nan ne Theresa ta kasa haƙuri.

"Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya. Me kake zuwa yi a wajen inji na?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ya kurɓi ruwa ya ce ashe tana lura. Ya ce a taron farko da aka yi ya ƙirga mata biyu cikin mutum goma sha huɗu, kuma har aka tashi bai ji muryar ko ɗaya ba. Washegari yana wucewa ta lungu ya jiyo ta, ita Theresa, ta rufe ƙarar inji da murya tana bayanin dalilin da ya sa 'yan mata ke guduwa gida lokacin tara. Abin da su malamai suka yi zango guda suna neman dalilinsa, ga shi ana faɗa a fili ana markaɗa tattasai. Ya ce namiji ba ya zuwa ya tsaya cikin mata hannu rabbana, shi ya sa ya ari bokitin Karima.

"Maganar banɗaki taki ce, Maman Treasure. Ta famfo ta Liyatu ce. Ni ɗauka kawai nake in kai."

 Da farko haushi Theresa ta ji, wai ashe duk tsawon lokacin nan kunne aka kasa mata. Daga baya kunya ta rufe ta da ta tuna irin abubuwan da bakinta ya faɗa a gaban dattijo, har da na Kambai. Can ƙasan zuciyarta kuma wani daɗi ne da ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta kwashe maganar Liyatu duk ta gaya masa, ba ta rage ko rantsuwar ba.

Ya saurara ido a rufe. Ya ce hedimasta ba mugu ba ne, kada ta ɗauke shi haka. Shi ma yana da nasa kukan: awaki na shiga aji, 'yan kabu-kabu sun mai da filin makaranta hanya ana cikin darasi, an sace benci ya fi goma, da hutu kuma zauna-gari-banza ke mamaye barandar. Katanga dole ce. Sai dai Mista Isaiah da mota yake zuwa ta gaba, bai taɓa taka gadar katako ba. Ya ce Asabar mai zuwa za a yanke maganar, kuma shi ya san ba zai iya zuwa ba. An riga an ce wani sabon malami zai riƙe masa kujera, yaro ne mai hankali amma bai cika shekara da samun aiki ba, ba zai yi wa mai gidansa tambaya a bainar jama'a ba.

Theresa ta gane inda ya dosa, ta yi maza ta tare shi. Ta ce ita ba ta iya Turanci ba, ko Hausar ma in ta ga manya sai ta harɗe mata.

"Kin taɓa jin na yi tambaya da Turanci?" in ji shi.

Ta yi tunani, ba ta tuna ko sau ɗaya ba. Bai ƙara matsa mata ba. Ya ɗanɗana kunun ya ce tsamiya ta ji daidai, ya sha cokali uku ya ajiye.

Ranar Alhamis da hantsi tana wanke inji ta ji salati ya tashi a gidan Malam. Ta saki tsumman ta shiga da gudu, hannunta duk ƙullu. Karima na zaune a ƙasa ta riƙe tabaraunsa, ta ɗago ta ce rai ya yi halinsa. Theresa ta durƙusa ta rungume ta suka yi kuka tare. Ta yi baƙin ciki irin wanda ba ta zaci za ta yi wa wanda ba danginta ba. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi. Yaran ajinsa sun tsaya a bakin lungu cikin kayan makaranta, an hana su bin gawa, su kuma sun ƙi komawa.

Ba wanda ya ce mata ta rufe rumfa, amma ba a tayar da inji ana zaman makoki a jikin katangar mutum. Ta lulluɓe shi da buhu ta koma gidan Karima tana taya dafa abincin baƙin da suka yi ta zuwa daga Bida. A ranta ta sa cewa za a ɗaga taron kwamiti, tunda Asabar ɗin ce ranar sadakar uku, har ta ɗan ji sauƙi. Sai ga takarda daga makaranta cewa taro na nan bayan la'asar, domin birkiloli za su fara aiki Litinin kafin ruwa ya sauka sosai.

Aka zauna a ajin da aka saba. Liman ya yi wa mamacin addu'a, fasto ma ya yi. Alhaji Zikrullahi ya yabe shi, Mista Isaiah ya ce sun yi rashin ma'aikaci wanda bai taɓa makara ba, kuma da gaske muryarsa ta yi rawa. Sannan ya buɗe takarda ya karanto tsarin katanga, tsayi kaza, ƙofa ɗaya babba ta gaba. Alhaji ya waiga dama da hagu ya ce ko akwai mai magana.

Abin da ya biyo baya ya ba Theresa mamaki. Mutum goma sha uku, har da shi hedimastan, duk suka juya suka kalli kujerar da ke kusa da taga. Sabon malamin da ke kai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ashe ba ita kaɗai ke zuwa taro ta bar wa mutum ɗaya aiki ba. Alhaji ya numfasa ya buɗe baki zai ce a rubuta.

Ta miƙe. Gwiwarta ta bugi bencin yaran, ya yi ƙara, kowa ya juyo. Duk abin da ta shirya ya gudu. Da ta buɗe baki kuma sai muryar bakin inji ta fito, wadda ake ji daga wancan lungun, har liman ya ɗan zabura.

"Yaran tsallake fa? Ta ina za su shigo?"

Mista Isaiah ya amsa cikin natsuwa cewa ta ƙofar gaba, kamar kowa. Ya ce tafiyar minti biyar ce ta ƙaru, kuma ƙofar baya ita ce ƙofar ɓarayi da awaki. Da ta koma ta zauna da an wuce wurin. Amma ta tsaya. Ta ce ita ba ta san minti ba, ta dai san Liyatu ta ce za ta cire tagwayenta, kuma ba Liyatu kaɗai ba ce. Ta ce tana roƙo, tunda rana ba ta faɗi ba, a tashi a bi hanyar da ƙafa a gani, in minti biyar ne ita za ta fara dangwala hannu.

Wani ya ce ba a taɓa yin haka ba. Alhaji Zikrullahi ya daɗe yana kallonta, sannan ya tattara babbar rigarsa ya ce yau sai a fara.

Haka mutanen Sauka Kahuta suka ga abin da ba su saba gani ba: liman da fasto da hedimasta da Alhaji sun jeru ɗaya bayan ɗaya, mai markaɗe na gaba. Suka tsallaka gadar katako zuwa unguwar tsallake, daga nan suka kama hanyar da yaro zai bi in an toshe baya. Hanyar ta bi ta bayan gareji, ta hau babban titi a daidai inda kwalbati ya cinye gefen, ba wurin taka ƙafa sai kan kwaltar. Suna nan tifar yashi ta taho ba ta rage gudu ba. Alhaji ya manne da ƙarfen kwalbati, iskar ta ɗebe masa hula ta jefa a kwata. Babu wanda ya yi dariya. Mista Isaiah ya duba agogonsa lokacin da suka iso ƙofar gaba, bai faɗi abin da ya gani ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

A tsaye aka ƙarasa taron. Hedimasta ya ce ya yarda da ƙofar baya, amma da sharaɗi: ta zama 'yar siririya yadda babur ba zai shiga ba, a buɗe da safe da lokacin tashi, sauran lokaci a kulle. Kuma shi ba shi da mai gadin da zai ba wannan aiki, wanda ya kawo magana shi zai riƙe makulli. Theresa ta lissafa safiyarta da za ta riƙa tsinkewa biyu kullum, ga masu markaɗe na jira. Ta ce ta ji. Alhaji ya sake tambaya ko akwai mai magana, sabon malamin ya ɗaga biro a hankali ya tambaya ko za a iya gyara katakon gadar guda biyu da suka ruɓe. Aka ce a rubuta.

Da ta koma ta shiga wurin Karima ta ba ta labari tun daga farko. Karima ta yi murmushi hawaye na zuba, ta ce da yana nan da ya sa ta maimaita wurin hular sau uku.

Litinin da sassafe Theresa ta leƙa bayan makaranta kafin ta buɗe rumfa, don ta ga ko maganar ta isa kunnen birkiloli. Maganar ta isa. Sun haƙa tushe sun jera bulo layi ɗaya tun daga kusurwa, sai a daidai bakin gadar suka kafa turaku biyu suka bar fili kamar faɗin kafaɗar mutum. Katangar ba ta kai idon sawu ba tukuna, ko akuya za ta tsallake ta ko'ina.

Yaran tsallake suka fara hawowa daga kwari, tagwayen Liyatu na tsakiya da jakar buhu ɗaya a tsakaninsu. Na gaba ya tsaya ya dubi bulon, ya dubi turakun. Bai tsallaka ba. Ya bi gefe har ya zo tsakanin turakun biyu ya shige, sauran suka yi layi a bayansa suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Theresa ta tsaya riƙe da gefen zanenta har na ƙarshe ya wuce.